Taki a Bakin Raga

Makon jiya wasu samari uku suka sauka daga babur a ƙofar gidana, kowanne da waya a hannu, ɗayansu har da sabon usur a wuya. Daga wajen Ungogo suka zo. Wai suna so su shirya gasar ƙwallo ta yara 'yan ƙasa da shekara goma, aka ce musu in dai ƙwallon yara ce a ƙasar Makoda su nemi Sule Koci. Na shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura. Mai usur ɗin ya ce, "Baba, ai abin ba wuya. A sayo kofi, a raba jesi, a busa." Na ce Allah ya ba da sa'a. Amma bayan sun tafi maganar ta tsaya mini a rai. Shekarata talatin da 'yan kai ina wannan aiki, kuma busa usur shi ne abu na ƙarshe da na koya a cikinsa.

Aikin farko na kocin ƙauye neman fili ne. A nan wajenmu babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Gona na gogar gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba, ko filin makaranta ma malamai sun shuka wake a rabinsa. Don haka filin ƙwallonmu gonar wani ce, aro ake karɓa bayan kaka. In za ka roƙa, roƙi gonar gyaɗa. Gonar dawa tana barin tushiyar kara, kuma tushiya ɗaya da ka manta ta isa ta tsaga tafin ƙafar yaro, ga shi yawancinsu ba takalmi suke bugawa. Ita gyaɗa kuwa cirarta ma rabin gyara ne. Sai dai ka jira mata su gama roro tukuna. Wanda ya kai yara gona kafin a gama roro zai ji zagin da ko kakansa bai taɓa ji ba. In sun gama, sai a shigo da fartanya a baje kunya, a ɗaura wa jaki gungume ya ja a daidaita, sannan a jera yara kafaɗa da kafaɗa su taka a hankali suna tsintar tsidau da ƙarangiya. Wannan tsintar kaɗai kwana uku take ci.

Kayan aikina duk buhun taki ɗaya ke ɗauke su. Akwai igiyar rama mai ƙulle-ƙulle ta awon fili, da gwangwanin madara da na huda da ƙusa don zuba toka a ja layi, da famfon keke, da basilla, da zaren da ake zarewa daga tsohuwar taya. Turakun raga itacen darbejiya ne, ragar kuma tsohon gidan sauro. Tokar ita ce mai wuyar samu, kada ku raina ta. Mata na tara ta don gonakinsu, ba mai ba ka kwano guda sai ka iya gaisuwa. Na yi shekaru ina yabon ƙuli-ƙulin wata tsohuwa wanda haƙori ba ya iya fasawa, saboda toka kawai.

A wajen Malam Bulus na koyi aikin. Malamin motsa jiki ne a firamarenmu, ɗan gidan manoman nan na yamma da mu waɗanda suka zama Kiristoci tun zamanin iyayensa. Ranar da na fara binsa, ina ji da kaina don lokacin ni ne mai cin ƙwallo a ƙungiyar samarin gari, sai ya miƙo mini fasasshiyar ƙwallo da basilla ya ce in ɗinke. Ƙwallo daga ciki ake ɗinke ta, a juyo ta, sai ɗinkin ƙarshe da ake yi daga waje bayan an mayar da bilada, wato robar iskar da ke ciki, kuma nan ne ake gane gwani. Na yi rabin yini a kai. Da na zo ɗinkin ƙarshe na caka basilla, sai na ji fiii. Malam Bulus ya karɓa ya juya ta ya ce, "Sule, ɗinki na ce ka yi mata, ban ce ka yi mata sakiya ba." Rani uku na yi ina ɗinki da ɗaukar toka kafin ya bar ni in taɓa usur.

Mutum ne marar hayaniya. In zai yi wa yaro magana sai ya tsuguna har idonsu ya yi daidai. Ba ya yarda yara ashirin su bi ƙwallo ɗaya in har akwai ta biyu, ko da ta tsumma ce. Kuma duk da ba sallarmu yake yi ba, in magariba ta gabato yakan riga ladan busa tashi. Ya ce mini, "Ranar da uban yaro ya zo ya janye shi da kunne saboda salla, ka rasa yaron, ka rasa uban."

Su kuwa iyaye, su ne masu cinikinka, kuma kowa da irin nasa. Akwai uban da ya dawo daga gidan kallo ya ga wani Bature na cin ƙwallo da ka, gobe sai ya zo ya ce dole ɗansa ya saka lamba goma, alhali yaron in ƙwallo ta nufo shi rufe ido yake yi. Akwai uwar da za ta aiko yayar gola ana tsakiyar wasa, a ce ya zo ya kai niƙa. Na taɓa yin gola mai suna Isiyaku, ɗan shekara bakwai, an buga fenariti sai muka ga ba kowa a raga. Ashe akuyar gidansu ya hango tana cin harawar mutane, ya tafi koro ta. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Koci, ƙwallo in ta shiga ana ciro ta. Harawa fa?"

Kada wani ya ce Sule ba ya son gasa. Ina son ta, kuma na ga alherinta da idona. Tafiyarmu ta farko zuwa wani ƙauye a gabas da mu, a bayan a-kori-kura muka je, yara ashirin da biyu, rabinsu ba su taɓa wuce kasuwar Makoda ba. Tun ana saura mako kowa ya wanke ƙafa ba tare da an ce ya wanke ba. Aka ci mu biyar ba ko ɗaya. A hanyar dawowa waƙa suka yi ta rerawa suna buga jikin mota, don Isiyaku ya kama ƙwallo ɗaya da ciki, kuma mutanen garin sun ba su ɗanwake da mai har ya yi saura. Wata guda suna ba da labarin. Yaro yana son ranar da ta fi sauran ranaku, yana son a kira sunansa a gaban baƙi. Wannan duk gaskiya ne. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, gasa ba ta cika lalata yara da kanta ba, manya take fara lalatawa.

Gonar da muka fi daɗewa a cikinta ta Baba Mati ce. Dattijo ne siriri mai tukar igiya, bai san komai a ƙwallo ba, tamaula ma yake ce mata. Ranar da na fara roƙonsa, abu ɗaya ya faɗa. Ya ce ya gaji da ganin yara suna wasa a kan titi, inda motocin kasuwa da 'yan acaɓa ke wucewa kamar an koro su. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a kan wani gungumen kuka da ke gefen gonar, wanda mu muke kira benci, yana tuka yana kallo. Bai taɓa tambayar wa ya ci ba. In ya yi tambaya, sai dai ya ce, "Yau ban ga ɗan gidan wane ba, lafiya?"

Akwai al'adar da kowa ya sani a nan. Gonar aro taka ce har ranar da mai ita ya zuba taki. In zafi ya kankama, damina ta fara ƙaratowa, manoma kan kwashe takin gida a mangala su kai gona su zuba tsibi-tsibi. Daga ranar ba mai sake taka wurin da wasa, kuma ba a tambayar mutum dalilin da ya sa ya kai taki gonarsa. Baba Mati yakan aiko mini ana saura mako, in cire turakuna in naɗe gidan saurona, mu yi wasan bankwana.

To, sai shekarar da wani mai neman kujera ya sa gasa ta ƙauyuka goma sha shida, ta yara 'yan ƙasa da sha biyu. Wanda ya ci, kofi da rago da sabbin jesi. Da yake yawancin yaranmu ba su da takardar haihuwa, masu ita ma ba a yarda da ita ba, sai kwamiti ya ce da igiya za a tantance. A kafa sanda biyu, a ɗaura igiya a tsakani, duk wanda ya wuce ta ƙarƙashi bai sunkuya ba, yaro ne. Da na ji haka sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na ce a raina, ai igiya tsawo take aunawa, ba ta san shekara ba.

Na hau mota zuwa Bacirawa wajen wani ɗan'uwana mai gyaran adaidaita sahu, na ce ya nemo mini gajeru masu tsohon ƙashi. Ya samo huɗu. Babbansu Bala, in ya yi magana sai ka waiga ka nemi magidancin da ya yi ta. Ranar awo na sa wanzami ya yi masa ƙwal-kwabo don a rage tsawo, ya kuma bi saman leɓensa da aska. Ya wuce igiyar da ƙyar, har tana shafar ƙoƙon kansa. Na gargaɗe shi kada ya gaisa da kowa. Ba ni kaɗai na yi ba, ko wane koci ya zo da nasa gajerun, muna haɗa ido muna murmushi. Wannan ba ya wanke ni, na faɗa ne don ku san yadda abin yake.

Lokacin ina da yara talatin da huɗu. Gasa kuwa sha ɗaya take so da 'yan canji kaɗan, kuma suna bukatar fili gaba ɗaya don atisaye. Sai na tara ƙananan, 'yan shida zuwa tara, na ce, "Ku ɗan matsa gefe, bayan gasa za ku dawo." Gasar mako shida ce. Ni a wurina mako shida ba komai ba ne, ban tuna cewa a wurin ɗan shekara bakwai ya fi shekara tsawo ba. Makon farko suka jeru a kan gungume kusa da Baba Mati suna kallo, in ƙwallo ta fita su yi rige-rigen ɗauko ta. Mako na biyu suka ragu. Mako na uku suka ɗaure ledoji da tsumma suka koma titi. Na gan su da idona ina wucewa, na ce su yi a hankali, na wuce.

Su ma yarana bakwai da suka samu shiga ba su tsira ba. Akwai Auwalu, yaron da Allah ya ba ƙafa, in ya riƙe ƙwallo sai ya yanke mutum uku yana dariya. Ni kuwa tsoro nake kada a ƙwace a ci mu. Na yi ta daka masa tsawa, "Buga ta gaba! Ba wa Bala!" har ya zama da ƙwallo ta taɓa ƙafarsa sai ya doke ta kamar garwashi. Wani kuma duk ranar wasa sai ya yi amai a bayan raga. Fili ya yi tsit, ba ihun yara sai nawa. Amma muna ta ci. Muka fitar da ƙauye uku, muka kai wasan ƙarshe, kwamiti ya ce a filinmu za a yi don ya fi ko wanne laushi. Mutanen gari suka fara kirana Koci da wata irin murya, ni kuma na fara tafiya da wata irin tafiya.

Ana saura kwana huɗu, da hantsi, na ɗauki gwangwanin toka zan je in sabunta layi. Tun daga nesa na hango jakuna uku suna fitowa daga gonar da mangala wayam. Na ƙarasa na tarar da taki tsibi-tsibi daga wannan raga har waccan, a jere kamar an auna. Tsibi ɗaya a tsakiyar fili, ɗaya daidai inda ake ajiye fenariti, mafi girman kuma a bakin raga, yana ta tururi. Ga shi sanyi ma bai gama fita ba, saura wata biyu cur lokacin taki ya yi. Ba aike, ba sallama.

Na sami Baba Mati a zaurensa yana tuka. Na tsuguna na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi dabbobi, na rasa ta inda zan ɓullo tunda ba a tambaya. Can na ce, "Baba, na ga an fara kai taki."

Ya ce, "An fara."

Na ce, "Bana da wuri."

Ya ce, "Ƙasar ce ta gaji, Sulaimanu."

Na kasa daurewa. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Wasan ƙarshe saura kwana huɗu. Ƙauyuka za su zo, sunan garinmu ne. A bar ni in kwashe, bayan wasa in mayar da hannuna."

Ya ɗaga igiyar ya duba tukar, ya ce, "Wa na ba aron gonar nan?"

Na ce, "Ni, Baba."

Ya ce, "A'a. Kai ka zo roƙo, amma yara na ba. Jiya na je sayen goro, na tarar da masu aron a kan titi, wata bas ta taka birki har ƙaurin taya ya tashi. Na dawo gona na ga waɗansu baƙi, ɗaya ma ina zaton ya isa aure. To da na ga masu aro sun tashi, sai na ce ashe sun gama, bari in kai takina."

Na ce, "Kwana huɗu kawai, Baba."

Ya ce, "Ka gaida gida."

Kwamiti ya mayar da wasan wani ƙauye. Muka je muka ci biyu da nema, duka Bala ya zura. Aka ɗora rago a kan babur, ni a baya ina rungume da shi, muka zaga gari ana ta oda. Na ji daɗi a ranar, ba zan yi ƙarya ba. Aka yanka rago aka cinye a yini ɗaya. 'Yan Bacirawa suka hau mota da sabbin jesinsu, ban sake ganin ko ɗaya ba. Auwalu kuwa bai sake zuwa ƙwallo ba, ya koma bin yayansa kasuwa.

Da kaka ta zagayo na je wajen Baba Mati, ya ce bana gonar hutawa za ta yi. Na bi masu gonar gyaɗa biyar ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ta magada ce sai an yi shawara. Wancan ya ce noman rani zai yi, a gonar da ko rijiya babu. Ba wanda ya ce mini don me, amma kowa ya sani, ba mai tsallake hukuncin dattijo ya ba ni. Garin neman gira na rasa ido. Ranin nan gaba ɗaya buhun kayana na rataye a ɗaki, yara kuma suna titi.

Ranar wata kasuwa ɗan acaɓa ya kwashe Nura, ɗan shekara takwas, ɗaya daga cikin waɗanda na ce su matsa gefe. Allah ya taƙaita, hannu ne ya karye. Ni na ɗauke shi zuwa wajen maɗori, na riƙe shi ana ja yana ihu. Da na mayar da shi gida, kakarsa Inna Delu ta fito zaure ta karɓe shi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Sannu Koci, an gode. Ya kofi?" Kunyar da na ji a zauren nan ban taɓa jin irinta ba.

Da ruwa ya sauka na ɗauki fartanyata na shiga gonar Baba Mati ba wanda ya kira ni. Na yi noman fari, na yi maimai. In ya zo sai ya ce, "Sannu da aiki," ya wuce. Da kaka na taya cirar gyaɗa. Mata suka gama roro, na sayi goro na je na tsuguna. Ya daɗe yana kallon goron, sannan ya ce, "Gobe bayan la'asar ka tara mini yaran a gona. Ƙananan nake nufi."

Suka zo su wajen ashirin, Nura a gaba, hannun ya warke sai ɗan kauri a inda aka ɗora. Baba Mati ya zauna a kan gungume ya ce su matso. Ya ce, "Ku saurara. Gonar nan na ba ku aro daga yau har taki. Ku na ba, kun ji ko?" Suka ce sun ji. Sai ya nuna ni da sandarsa. "Wannan mutumin kuma aiki yake nema. Ya ce ya iya ɗinkin tamaula, ya iya jan layi. In kuna so ku ɗauke shi, in ba ku so ku sallame shi. Ni ba ruwana."

Na ɗauka wasa ne, na fara dariya. Sai na ga yaran sun koma gefe sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, wani na waigowa yana dubana daga sama har ƙasa. Nan take na daina dariya. Ni da gemuna, ina tsaye da hula a hannu, 'yan shekara bakwai na shawara a kaina. Sun fi minti goma. Har na ji wani na cewa, "Ai shi ke da famfo."

Nura ya dawo ya ce, "Baba, mun ɗauke shi."

Baba Mati ya ce, "Madalla."

Nura ya ce, "Amma sai ya fara zama a benci. Kwana bakwai. Kuma ya kawo usur."

Baba Mati ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Ya matsa mini wuri a kan gungumen ya ce, "Bismilla, Sulaimanu. Akwai inuwa."

Na cire usur na miƙa, na zauna. Mun gyara fili tare, amma da an fara wasa sai in koma mazaunina. Kwana bakwai ina kallo bakina a rufe, kuma abin da na gani a kwanakin nan ya fi abin da na gani a shekara goma ina ihu. Da kansu suka raba fili biyu don kowa ya samu taɓawa. In gefe ɗaya ya ci uku a jere, sai su tsaya su sake rabo, wai wasan ya daina daɗi. Suna son ci kamar me, har kuka ake yi a kan ƙwallo ɗaya, amma kafin a kai gida an manta. Wani ɗan mitsitsi ya gwada yanka sau tara ana ƙwacewa, ba wanda ya ce masa komai, a na goma ya wuce. Na tuna Auwalu, raina ya ɓaci ƙwarai.

Rana ta takwas na zo na zauna a gungume don na saba. Ana cikin wasa gardama ta kaure, wai hannu ne, wai kafaɗa ce. Sai ga Nura ya taho a guje ya jefo mini usur a cinya. Ya ce, "Koci, kwananka ya cika. Taso ka raba mu, kai ma ka yi wani amfani."

Har yanzu ina shirya gasa, sau ɗaya a rani, amma ta yini guda ce. Nakan gayyato ƙauyuka uku ko huɗu, in raba fili huɗu da toka, a yi biyar-biyar. Ba ƙauye da ƙauye ake karawa ba. Yara kan ja kara, wanda ya ja dogo ya bi masu dogo, sai ka ga ɗan garinmu da baƙo a gefe ɗaya sun zama abokai kafin azahar. Kowa sai ya buga, gwani da wanda ke rufe ido. Ba rago, don haka ba wanda ya taɓa kawo mini mai gashin baki, igiyar awo ma ba a bukatarta. Wanda ya ci a ɗaga shi sama a yi masa ihu, wanda aka ci ya yi kukansa, sannan a sauke tukunyar shinkafa da wake kowa ya sa hannu. Masu son gasar kofi ta mako shida su jira yaro ya kai sha uku ko sha huɗu, ya san abin da yake nema da kansa.

Baba Mati ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma ɗansa da ya gaji gonar bai canza komai ba. Duk shekara sai ya tara ƙananan ya ba su aro, ya nuna ni ya ce ga mai neman aiki. An ɗauke ni sau goma sha ɗaya. Bara da ƙyar na sha, don wani ɗan shekara shida ya kawo ƙara wai na fara tsufa, ba na ganin hannu in an yi daga nesa, kuma gaskiyarsa ne. Bana ran Juma'ar nan za a zauna a kaina. Na ɗinke ƙwallo huɗu, na sa wa famfo mai, na wanke rigata. Yaran da za su yanke hukuncin waɗansu haƙoran gabansu ma ba su gama fitowa ba, kuma wallahi gabana faɗuwa yake yi.